KIMIYYA A SAUƘAƘE: Awo Da Lissafin Da Ke Ɗaga Roka Sama

Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Keffi, ya wuce Nyanya da Mararaba har ya kai Masaka, cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, zai ga farantan kama tashoshin talabijin jere bisa rufin gidaje da kantuna, kowanne ya karkata fuskarsa sama. Waɗannan farantai suna sauraren taurarin ɗan'adam ne da ke shawagi a nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa. Idan kuma watan Disamba ya kama, a wannan sararin ne yaran unguwa kan harba 'yan rokokinsu na wasan wuta, su tashi da fito, su yi sakan biyu ko uku, su watse. Mai karatu zai yi mamaki in aka ce masa ƙa'ida ɗaya ce ke ɗaga abin wasan yaran nan da kuma manyan rokokin da ke kai tauraro mazauninsa. Bambancin da ke tsakaninsu na awo ne da lissafi, kuma su ne abin da wannan fili zai duba a wannan mako.

Dalilin ɗauko maganar shi ne, tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, watau NASRDA, a shekarar 1999, wadda hedkwatarta ke Lugbe a kan hanyar filin jirgin saman Abuja, Nijeriya ta mallaki taurari da dama, amma ko ɗaya bai tashi daga ƙasar nan ba. An harba NigeriaSat-1 ran 27 ga Satumba, 2003 daga Plesetsk a Rasha. NigComSat-1 ya tashi daga Xichang a ƙasar Sin cikin Mayu 2007, ya lalace cikin Nuwamba 2008, aka harba madadinsa NigComSat-1R daga can ran 19 ga Disamba, 2011. NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X kuwa daga Yasny a Rasha suka tashi ran 17 ga Agusta, 2011. Kowace tafiya sai an biya kuɗin mota da kuɗin ƙasashen waje, an kuma jira ranar da mai mota ya ga dama.

Hukumar tana da cibiya ta musamman a Epe, Jihar Legas, wadda aikinta shi ne binciken rokoki da makamashinsu, kuma tsarin shekara 25 da aka zana mata ya ƙunshi burin harba tauraron da aka ƙera a gida, da rokar gida, daga ƙasar Nijeriya, zuwa shekarar 2030. Wanda ke son ya auna kusancin wannan buri ko nisansa, sai ya fara fahimtar yadda ake lissafin injin roka, musamman mai daskararren makamashi, domin da irinsa ne ƙasashe kamar Japan da Indiya suka fara kai taurarinsu sama.

MENE NE DASKARARREN MAKAMASHI?

Wuta ba ta ci sai da oksijin, watau wani sashe na iskar da ake shaƙa. Shi ya sa maƙeri ke aiki da zugazugi, shi ya sa kuma injin mota da na jirgin sama ke zuƙar iska daga waje. To, roka za ta je inda babu iska ko kaɗan, saboda haka tilas ta tafi da abin ƙonawa da kuma abin da zai ba shi oksijin. Idan an zuba su biyun a tankuna dabam-dabam suna ruwa-ruwa, ana turo su da famfo, sai a ce roka mai makamashin ruwa. Idan kuwa an cuɗa su wuri guda sun sandare, an cika ganga da su, to wannan shi ne injin daskararren makamashi.

Tsohon misalinsa shi ne albarushi, wanda mafarauta da 'yan bindigar sarakuna suka sani sarai a ƙasar Hausa. Gawayi da farar wuta su ne abincin wutar, gishirin da ake haɗawa da su kuma shi ke ba da oksijin. Mutanen Sin ne suka fara aiki da shi, har tarihi ya nuna sun yi amfani da kiban wuta a kan Mongolawa a birnin Kaifeng a shekarar 1232. A shekarar 1942 wani Ba'amurke mai suna John Parsons ya gano cewa ana iya narka kwalta a cuɗa ta da sinadarin oksijin, a zuba a ganga ta daskare, maimakon a riƙa dannawa kamar ɗurin bindiga. Daga nan aka ci gaba har aka kai ga na yau, wanda garin alminiyam ne da wani gishiri mai oksijin, an ɗaure su da roba. In an taɓa shi sai a ji kamar robar goge rubutu.

Amfanin irin wannan inji a fili yake. Ba shi da famfo, ba shi da bututun mai, ana iya ajiye shi shekaru yana jiran ranar aiki. Aibinsa kuwa shi ne, da zarar an kunna shi ba ya kasuwa, sai ya cinye abin da ke cikinsa. Direban mota yana da totur da birki, amma injiniyan wannan roka nasa totur da birkin duk a takardar lissafi suke, tun kafin a zuba makamashi.

ƘARFIN TURI

Mutane da yawa sun ɗauka hayaƙin roka yana dogara da ƙasa ne ko da iska ya tura ta sama. Abin da ke faruwa shi ne wanda Isaac Newton, masanin nan na Ingila, ya bayyana tun 1687. A ɗauka ga mutum cikin kwalekwale a tsakiyar Kogin Binuwai, ba sanda ba filafili, sai tulin duwatsu. Duk dutsen da ya jefa baya da ƙarfi, kwalekwalen zai ɗan zabura gaba. In ya yawaita jifa zai ƙara gudu, in ya ƙara ƙarfin hannu ma haka. Roka hayaƙi take jifa a madadin duwatsu, saboda haka ƙarfin turinta ya rataya a kan abu biyu: nauyin hayaƙin da take fitarwa a kowane sakan, da kuma gudun da yake fita da shi.

Injiniyoyi suna da wani awo na ingancin makamashi wanda suke faɗa da sakan. Ma'anarsa ita ce, kilo ɗaya na makamashi zai iya tallafe nauyin kilo ɗaya na tsawon sakan nawa? Albarushi yakan ba da kimanin sakan 80. Daskararren makamashin zamani yakan ba da kimanin 250 a doron ƙasa, ya kusanci 290 a can inda babu iska. Makamashin ruwa na haidirojin da oksijin yakan kai 450. Sakan 250 ɗin nan daidai yake da hayaƙi mai gudun kusan kilomita 2.5 a sakan guda.

Lissafin daga nan mai sauƙi ne. Injin da ke ƙona kilo 100 a sakan, da makamashi mai awo 250, zai yi turin kilo 25,000, watau tan 25. Rokar da nauyinta tan 20 ne za ta tashi da wannan inji. Wadda ta kai tan 26 kuwa za ta tsaya cik a dandamali tana aman wuta har sai ta rage nauyi. Rokoki biyu da ke manne a gefen kumbon Amurka mai zuwa ya dawo, wanda ya yi aiki daga 1981 zuwa 2011, kowace tana da tsawon mita 45 da faɗin mita 3.7, tana ɗauke da makamashi kimanin tan 500, ta cinye shi cikin minti biyu. Watau tana cin kusan tan 4 a kowane sakan, kuma turinta a lokacin tashi ya haura tan 1,200.

RAƘUMI DA HARAWARSA

Matsala mafi girma a wannan sana'a ita ce wadda madugan ayarin gishiri suka daɗe da sani. Ayarin da ke tashi daga ƙasar Agadas zuwa Bilma yana ratsa hamadar Tenere inda babu ciyawa, saboda haka raƙuma kan tafi ɗauke da abincinsu. Duk damin da aka ƙara wa raƙumi ƙarin nauyi ne, ƙarin nauyi kuma ƙarin gajiya ne da ƙarin ci. Haka roka take: makamashin da za ta ƙona a ƙarshen tafiya sai an ɗaga shi sama da makamashin farko.

Wani malamin makaranta na garin Kaluga a Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, shi ya buga lissafin wannan matsala a shekarar 1903. Ga yadda yake idan gudun hayaƙi kilomita 2.5 ne a sakan. Idan rabin nauyin roka makamashi ne, za ta sami gudun kilomita 1.7 a sakan. Idan kashi uku cikin huɗu ne, za ta sami 3.5. Idan kashi bakwai cikin takwas ne, 5.2. Idan goma sha biyar cikin goma sha shida ne, 6.9. Mai karatu zai lura cewa kowane ƙarin kilomita 1.7 sai an rage abin da ba makamashi ba da rabi, watau ganga da bakin hayaƙi da na'urori da shi kansa tauraron.

To, kafin abu ya zauna a falaki yana kewaya duniya ba tare da ya faɗo ba, sai ya yi gudun kilomita 7.8 a sakan, watau kimanin kilomita 28,000 a awa. Da irin wannan gudu, tafiyar Abuja zuwa Kano ba za ta kai minti ɗaya ba. In aka haɗa da asarar da ake yi wajen kokawa da jan ƙasa da gogar iska, abin da ake bukata ya haura kilomita 9 a sakan. Bisa lissafin malamin Kaluga, roka guda mai daskararren makamashi ba za ta kai haka ba sai fiye da kashi 97 cikin 100 na nauyinta ya zama makamashi, alhali kuwa injin da aka ƙera da kyau yakan tsaya ne a wajen kashi 90.

Maganin da aka samo shi ne a yi roka hawa-hawa. Hawa na farko ya ƙone, a yar da gangarsa, na biyu ya kama da sauƙin kaya, haka har na ƙarshe. Shi ya sa rokokin da suka dogara da daskararren makamashi zalla sukan zama hawa uku ko huɗu. A nan ne kuma ya kamata a bambance abu biyu da akan gwama. Kai wa tsayin kilomita 100, inda aka ɗauka nan ne bakin sararin samaniya, a faɗo, abu ne da ƙaramar rokar bincike kan yi. Zama a falaki kuwa magana ce ta gudu, kuma tazarar da ke tsakanin biyun mai yawa ce ƙwarai.

TSAWO DA KAURI

Kowace uwargida ta san gungumen itace yakan daɗe yana ci a hankali, amma in aka faskara shi sai ya kama ɗiɗis ya ƙone nan da nan. Nauyin itacen bai sake ba, fuskar da wuta ke lasa ce ta ƙaru. Wannan ita ce ƙa'idar da injiniya ke riƙe da ita a matsayin totur. Daskararren makamashi daga fuskarsa yake ci, yana shiga ciki a hankali, kimanin santimita ɗaya a sakan a manyan injuna.

Galibi akan bar rami a tsakiyar makamashin tun daga sama har ƙasa, wuta ta kama bangon ramin gaba ɗaya, ta riƙa ci tana nufar ganga. Saboda haka kaurin makamashi daga rami zuwa ganga shi ke yanke tsawon lokacin ƙuna: kaurin santimita 30 zai ba da kimanin sakan 30. Tsawon injin kuwa shi ke yanke yawan fuskar da ke ci, watau ƙarfin turi. Da Amurkawa suka so ƙarin ƙarfi domin sabuwar rokarsu ta zuwa wata, wadda ta fara tashi ran 16 ga Nuwamba, 2022, sai suka ɗauki tsohon injin nan mai gaɓa huɗu suka ƙara masa ta biyar, faɗinsa yana nan yadda yake.

Siffar ramin ma tana da nata aiki. Rami zagayayye yana ƙara faɗi yayin da yake ci, saboda haka turi kan fara kaɗan ya riƙa ƙaruwa. Rami mai siffar tauraro kuwa yana da fuska mai yawa tun farko, in tsinayensa suka cinye sai fuskar ta daidaita ko ta ragu. A gaɓar sama ta injin kumbon Amurka an yi tauraro mai tsini 11, aka tsara shi yadda turi zai ragu da kimanin sulusi bayan sakan 50 da tashi, daidai lokacin da iska ta fi dukan jikin kumbon. Ba wanda ya taɓa wani maɓalli domin wannan ragi, siffar da aka zuba ce ta yi aikinta.

MAƘOGWARO

Hayaƙin da ya taru a cikin ganga yana fita ne ta wani baki mai siffar kalangu: faɗi a sama, tsukakke a tsakiya, sa'an nan faɗi a ƙasa. Gustaf de Laval, injiniya ɗan ƙasar Suwidin, shi ya ƙirƙiro shi a wajen 1888 domin injin tururi, daga baya Robert Goddard na Amurka ya ɗora shi a kan roka. A tsukakken wurin nan, wanda ake kira maƙogwaro, hayaƙi kan kai gudun sauti, in ya shiga buɗaɗɗen sashe kuma sai ya bazu ya ninka wannan gudu. Injin da zai yi aiki a ƙasa akan yi masa matsakaicin baki, domin iskar waje tana matse hayaƙin. Na hawan sama kuwa akan buɗa masa baki sosai.

Wanda ya taɓa toshe rabin bakin tiyo da babban yatsa ya san ruwa kan ƙara tsiri. Haka girman maƙogwaro ke yanke matsin da ke cikin ganga. Sai dai a nan akwai wani haɗari da tiyo ba shi da shi. Daskararren makamashi yana ƙara saurin ci idan matsi ya ƙaru, saurin ci kuma yana ƙara hayaƙi, hayaƙi ya sake ƙara matsi. Saboda wannan zagaye, idan fuskar da ke ci ta ninka biyu alhali maƙogwaro yana nan yadda yake, matsi zai kusan ninka uku a irin makamashin da aka saba aiki da shi. Lambar da injiniya ya fi sa wa ido ke nan: faɗin fuskar da ke ci idan an raba shi da faɗin maƙogwaro.

Daga nan mai karatu zai gane abin da ya sa ɗan tsagu ko kumfar iska a cikin makamashi ke zama ajali. Wuta kan shiga tsagun, fuska ta ƙaru ba bisa lissafi ba, matsi ya yi tsalle, ganga ta fashe cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa ake ɗaukar hoton cikin kowane babban inji da na'ura irin ta hoton ƙashi a asibiti. Idan kuma maƙogwaro ya zaizaye ya buɗe fiye da kima, sai matsi ya faɗi, turi ya mutu. Abin da ya sami rokar Turai mai suna Vega-C ke nan cikin Disamba 2022, bayan ta tashi daga Kourou: maƙogwaron hawa na biyu ya cinye, aka yi asarar taurari biyu masu ɗaukar hoton ƙasa.

GANGA

Matsin da ke cikin babban inji yakan kai ninki 60 na matsin iskar duniya, watau kusan sau 30 na iskar da mai faci ke ɗura wa tayar ƙaramar mota. Zafin wutar ya haura digiri 3,000 a ma'aunin Salshiyas, alhali baƙin ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1,500. Abin da ke ceton ganga shi ne, makamashin da bai ci ba tukuna yana tsaye tsakaninta da wuta, sa'an nan akwai shimfiɗar roba ta musamman a jikin bango. Maƙogwaro kuwa akan yi shi da dangin gawayi masu jure zafi, irin abin da ke cikin fensir.

Ƙa'idar kaurin ganga masu walda da masu sayar da tukunyar gas za su gane ta da sauri. In faɗin ganga ya ninka biyu, ko matsi ya ninka biyu, to kaurin bango ma sai ya ninka biyu. A nan ne injiniya ke shiga tsaka mai wuya. Matsi mai yawa yana ƙara ingancin inji, amma yana bukatar bango mai kauri, bango mai kauri kuma nauyi ne da ke cin rabon tauraro, kamar yadda lissafin raƙumi ya nuna. Shi ya sa ake neman ƙarfe na musamman mai ƙarfi da rashin nauyi, Turawa kuma yanzu suna saƙa gangar da zaren gawayi.

Yanayi ma yana shiga lissafi. Makamashin da ya kwana cikin zafi yakan ci da sauri fiye da wanda ya kwana cikin sanyi, wasu irinsa kuma suna shan raɓa su lalace. Injin da aka gwada a lokacin hunturu ba lalle ya yi hali iri ɗaya da tsakiyar bazara ba, kuma ajiya a danshin gabar teku dabam take da ajiya a busasshiyar iskar Arewa.

DARUSSA MASU TSADA

Ran 28 ga Janairu, 1986, kumbon Challenger ya tarwatse sakan 73 bayan tashinsa daga Florida, mutum bakwai suka halaka. Bincike ya nuna cewa sanyin safiyar ran nan, kimanin digiri 2, ya sandarar da zoben robar da ke toshe mahaɗar gaɓoɓin injin dama, wuta ta sami kafa ta fito ta ƙona tankin mai. Akwai injiniyoyin da suka yi gargaɗi tun daren jajibere, ba a saurare su ba.

Darasin da ya fi kusa da Nijeriya shi ne na Birazil. Ran 22 ga Agusta, 2003, saura kwana uku a harba rokarsu VLS-1 daga Alcantara, sai ɗaya daga injunanta ya kama da kansa alhali ma'aikata suna kewaye da ita. Mutum 21 suka mutu, galibinsu ƙwararrun da aka yi shekaru ana horarwa, kuma shirin bai sake farfaɗowa ba har aka soke shi. Makamashin da ke ɗauke da oksijin ɗinsa ba ya jin ruwa ko yashi in ya kama.

DA RARRAFE YARO KAN TASHI

A shekarar 1955 Farfesa Hideo Itokawa na Japan ya fara gwaji da wata 'yar roka mai tsawon santimita 23 wadda aka yi wa laƙabi da fensir. Shekara 15 bayan haka, ran 11 ga Fabrairu, 1970, bayan faɗuwa huɗu a jere, Japan ta kai tauraronta na farko, Ohsumi, falaki da roka mai daskararren makamashi. Indiya ta fara harba rokar bincike ta aro daga ƙauyen Thumba ran 21 ga Nuwamba, 1963. Rokarta ta gida, SLV-3, mai hawa huɗu da nauyin tan 17, ta faɗa teku a gwajin farko cikin Agusta 1979, sa'an nan ran 18 ga Yuli, 1980 ta kai tauraron Rohini mai kilo 35 falaki. Shugaban aikin, Abdul Kalam, shi ne ya zama shugaban ƙasar Indiya a 2002. A duba wannan kaso: tan 17 domin kilo 35, watau kimanin kashi biyu cikin dubu.

Nahiyar Afirka ma ta taɓa ganin irin wannan tashi. Faransa ta harba tauraronta na farko daga Hammaguir a hamadar Aljeriya ran 26 ga Nuwamba, 1965. Italiya kuma ta kafa dandamali a cikin teku kusa da Malindi a Kenya, inda rokar Scout mai hawa huɗu ta ɗaga tauraron Uhuru ran 12 ga Disamba, 1970, ranar bikin 'yancin kan Kenya. Amma fasahar ta baƙi ce, da suka tashi sun tafi da abinsu.

Ba kuwa za a same ta a kasuwa ba. Injin da ke ɗaga tauraro shi ne ke ɗaga makami mai linzami, saboda haka tun 1987 manyan ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar hana sayar da fasahar duk rokar da za ta iya kai kilo 500 nisan kilomita 300. Ƙasar da ke so sai ta koya da kanta.

ABIN DA YA RAGE WA NIJERIYA

Ƙasar nan tana da nata rabo na wuri. Duniya tana juyawa gabas da gudun mita 465 a sakan a daidai tsakiyarta, kuma gabar tekun Nijeriya tana kusa da wannan layi. Sai dai gabashin Ikko ƙasa ce mai cike da garuruwa, ba a yar da gangar roka a kan jama'a. Kudu kuwa teku ne fetal, kuma ita ce hanyar da ta dace da taurarin ɗaukar hoton ƙasa irin su NigeriaSat, masu ratsa duniya daga kudu zuwa arewa. Irin hotunansu ne ake bukata wajen lura da ambaliya, da gonaki, da gurgusowar hamada, da yadda garuruwa irin Masaka ke bazuwa.

Abin da ake bukata kafin a kai can ba boyayye ba ne: dandamalin gwaji inda za a ɗaure inji a ƙasa a auna turinsa da matsinsa sau da yawa, da na'urorin duba tsagu, da masana'antar sinadarai da ta ƙarfe, alhali kamfanin Ajaokuta da aka fara ginawa tun 1979 bai kama aiki gadan-gadan ba. Sama da duka ana bukatar kuɗin da ba ya yankewa da sauyin gwamnati, da shugabannin da za su jure ganin roka ta faɗi ba tare da sun kori injiniyoyi ba. Japan ta yi shekara 15, Indiya 17, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ya dace 'yan Majalisar Tarayya su riƙa tambayar gwaji nawa aka yi a bana da abin da awo ya nuna, kafin su tambayi ranar harbawa.

Kalma ta ƙarshe ga matasa masu hazaƙa da iyayensu. Cusa albarushi ko wani haɗi a cikin bututun ƙarfe a bayan gida haɗa bam ne, domin ba awon fuska, ba awon maƙogwaro, ba wanda ya san inda ƙarfen zai tsage. Dokar abubuwa masu fashewa ta 1964 ta hana sarrafa su ba da lasisi ba, rundunonin 'yan sanda kuma sun sha hana wasan wuta a ƙarshen shekara. Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibansa ƙa'idar Newton da gorar roba da ruwa da famfon keke a filin makaranta, a riƙa sauya yawan ruwa da girman baki ana rubuta tsayin da ta kai. Yaron da ya saba da awo da rubutawa, ya kuma riƙe lissafi da fiziks da kemistiri, shi ne cibiyar Epe za ta nema gobe.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai duba rokoki masu makamashin ruwa, irin waɗanda suka ɗauki taurarin Nijeriya daga Rasha da Sin.